Aron Ƙugiya

Matameye, Unguwar Gawo
Talata, tara ga Safar

Daga Ɗahiru Mai-kile zuwa ga Illa na shaton Dungu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Ina gajiya, ina ruwa? Mu dai nan ruwa ya yi gyara har ya wuce gyara.

Na san za ka yi mamaki. Shekara goma sha tara ke nan ko sallama ba ta haɗa mu ba, da damina nake ƙirgawa, ban ɓata ba. Ban zo tone-tone ba. Larura ce ta sa na ɗauko alƙalami da tawada, don ni har yau ban riƙe wayar nan tasu ba. Maganar waya iska ce, a faɗa a musanta, abin da zan roƙa kuwa ba a roƙonsa a iska.

Ran Asabar da hantsi aka fara ruwa, bai ɗauke ba sai la'asar ɗin Lahadi. Tafkin bayan unguwa ya ɓalle, ya biyo kwari, ya shiga ɗakin famfo har ƙugu. Akwatin wuta ya yi tartsatsi, famfon da ke cikin foraj, rijiyar burtsatsenmu, mai tura ruwa sama cikin shato, tankin unguwa, ya ƙone. Shato ya bushe tun jiya. Wannan duk da sauƙi. Masai na gidajen kwari sun cika sun tumbatsa, ƙazanta ta gangara cikin rijiyoyinmu uku. Mutane sun sani, amma ƙishirwa ba ta jin wa'azi. Amai da gudawa ya kwantar da mutum shida, cikinsu har da Habsatu mai ɗakina, wadda ta sha dama maka fura. Tana gidan likita ana mata ƙarin ruwa. Ka ji abin kunya: mutumin da ya yi shekara talatin da ɗaya yana shayar da unguwa, yau matarsa ake ɗura wa ruwa ta jijiya.

Ba ni ke riƙe da shato ba yanzu, na aje aiki. Abdulrazak ne shugaban kwamitin ruwa, ɗan marigayi Isufu mai awo. Yana da hankali, ya yi lakwal, karatun boko har ya gaji. Ya buga waya Damagaram, an ce sabon famfo sai ya yi mako uku kafin ya iso. Na ce masa kafin mako uku ba shato za mu cika ba, maƙabarta za mu cika. Ya ce, "To Baba, yaya za mu yi?" Na juya na taho gida.

Na ji a kasuwa kun koma famfon hasken rana shekara bakwai da suka wuce. Tsohon naku da namu tagwaye ne, mota ɗaya ta kawo su, ni da kai muka sauke su. Kuma na san ka, ko ƙusa ba ka yarwa.

Ka san al'ada tun ta iyayenmu. In gugan mutum ya faɗa rijiya, maƙwabci ba ya hana shi aron ƙugiya ko da gaba suke yi. Mai aro ya aje hularsa, ba ya karɓarta sai ya maido ƙugiya da ƙafarsa. To Illa, guganmu ya faɗa rijiya. Ka ba ni aron ƙugiya. Ga hulata nan cikin ƙunshin. Zan zauna kai ba hula har in ji daga gare ka.

Wassalam.
Ɗahiru


Dungu, Laraba 14 ga Agusta

Zuwa ga Baba Ɗahiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina yi muku jajen ambaliyar da muka ji ta same ku. Allah ya tsayar nan, ya mayar da alheri.

Sunana Najaha, ɗiyar Malam Illa ta uku. Ni nake amsa maka domin Baba ba ya iya riƙe alƙalami yanzu. Shekara biyu da suka wuce ciwo ya buge shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa kuma ya riƙe. Yana ji, yana ganewa sarai, amma magana babu, sai nuni da hannun hagu. Kwamitin ruwa na garinmu ya ɗora ni a kan aikin shato a madadinsa.

Sai ka yi haƙuri Baba, takardarka ba ta iso lafiya ba. Gambo ɗan kabu-kabu ya ce babur ya kayar da shi a mashigin kwari, ka kuwa san tawada da ruwa. Duk ta wanke, ta koma kamar rubutun sha. Limaminmu ya ɗaga ta a rana ya yi iya ƙoƙarinsa. Abin da ya tsira shi ne sunanka a sama da layi uku na ƙasa: guganku ya faɗa rijiya, kana neman aron ƙugiya, ga hularka. Na tambayi Gambo ko ya san wani abu, ya ce shi mutumin Kurni ne, a tasha ka tare shi ka danƙa masa ƙunshi, ka juya. Na nemi lambar wayarka, sai ya yi dariya.

Gaskiya na yi mamakin a ce duk Matameye babu ƙugiya, amma na ce wataƙila ruwa ya tafi da su. Ga tamu nan, mai haƙora huɗu, ƙirar maƙerin garinmu, ba ta taɓa barin guga a rijiya ba. Batun hula ne ban gane ba, na dai aje ta wuri mai tsabta. Ban faɗa wa Baba ba tukuna, don ban san yadda kuke ba. Ka gafarce ni, sunanka ban taɓa jin sa a bakinsa ba, ko lokacin da yake magana.

Ka huta lafiya.
Ɗiyarka, Najaha Illa


Matameye, Alhamis

Zuwa ga ɗiyata Najaha.

Wa alaikumus salam. Na gode da jaje, Allah ya yi miki albarka. Malam Salim ladaninmu ya karanta mini takardarki, ni rubutun bokon nan ƙafar kaza nake gani.

Da ya zo wurin ciwon mahaifinki na ce ya dakata. Illa ba ya magana? Illa da in yana kan shato yana kiran abokin aiki ana jin sa har kasuwa? Dungu ga ta nan, tafiyar hantsi, shekara biyu ban sani ba. Na daɗe da hana a kawo mini labarin gidanku, mutane kuwa suka bi umarnina. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce.

Sai batun ƙugiya. Gambo, Allah ya shirye shi, bai ga wurin miƙo mini ita ba sai ƙofar masallaci ana fitowa sallar azahar. Ga ni kai ba hula, ga ƙugiya a hannu. Wani ya ce, "Baba, da ita za a ciro famfon?" Ban yi fushi da ke ba. Aka ce miki ƙugiya, kika aiko ƙugiya ba tare da tambayar dalili ba. Ɗiyar Illa ce ke, babu shakka.

Yanzu ga magana a fili, da bik, biron nan, na rubuta ajamina, leda uku na naɗe ta. Famfon foraj ɗinmu ya ƙone. Masai sun zuba cikin rijiyoyi. Masu amai da gudawa sun kai goma sha ɗaya, matata Habsatu na ciki, jiya kuma muka binne tsohuwa Baiwa mai ƙosai. Sabon famfo sai bayan mako uku. Tsohon famfonku nake roƙo aro, wanda kuka cire da kuka koma na hasken rana, da falan, ƙarfen nan mai ƙafa uku da sarƙa da ake ciro famfo da shi, don namu ruwa ya karya masa ƙafa. In kin ce ba ki san inda famfon yake ba, ki duba ɗakin kaya na shato, kusurwar gabas. Mahaifinki yana da duro binne a ƙasa, nan yake aje ƙarfen da yake so.

Hula kuwa jingina ce. A wurinmu, mu masu aikin ruwa na da, duk abin da aka ara don fid da mutane daga ƙishirwa ƙugiya muke ce masa. Mai aro ya aje hularsa, in ya maido ya karɓa. Ba takarda, ba hatimi. Haka muka yi ta yi tsakanin Matameye da Dungu da Kurni da Dawce, yau gare ka gobe gare ni, ba wanda ya taɓa hanawa, sai mutum ɗaya.

Za ki ga wata hula cikin wannan ƙunshin, fara ce a da. Ta mahaifinki ce. Shekara goma sha tara da suka wuce famfonku ya maƙale cikin foraj, ya zo nan aron falan, ya cire hular nan ya aza a bakin ƙofar ɗakin famfo. Na ce masa shef, shugaban aikinmu, ya hana fid da kaya sai da takarda daga sama. Ya juya, ya koma Dungu kai ba hula. Ni kuma na ɗauke ta na sa a akwati. Jinginar da ba a ba da aro a kanta ba nauyi gare ta, ɗiyata, na gaji da ɗauka.

Ki kai masa duka biyun, ki karanta masa wannan. In ya kau da kai, kada ki matsa masa, ya yi daidai. Sai dai ki tuna masa Habsatu ba ta hana shi komai ba.

Ki gaida mahaifiyarki.
Ɗahiru


Dungu, Juma'a 16 ga Agusta

Baba Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman gafarar ƙugiyar da na aiko. Na ji kunya har na rasa inda zan sa kaina. Yaya jikin Inna Habsatu? Allah ya jiƙan Baiwa.

Na kai wa Baba hulunan biyu. Tasa ya fara ɗauka, ya juya ta, ya kai hanci ya shinshina, ya daɗe. Na karanta masa takardar. Da na zo inda ka ce shef ya hana, sai ya ɗaga yatsa yana kaɗawa, yana wata irin dariya da rabin baki. Na maimaita wurin, ya sake kaɗa yatsa. Ban gane ba. Da na ambaci Inna Habsatu dariyar ta tsaya, ya buga sandarsa a ƙasa yana nuna mini ƙofa.

Muka tona kusurwar gabas kamar yadda ka ce. Duro na nan, cike da ƙarafa cikin baƙin mai, amma ba famfo. Na dawo na ce ban gan shi ba. Baba ya dube ni kamar zai dake ni, ya shiga ƙwanƙwasa ƙarƙashin gadonsa da sanda. Baba Ɗahiru, shekara bakwai a kan famfon nan yake kwana! An naɗe shi da buhu da fatar bijimi, an shafe shi da mai. Innarmu ta ce ita duk zatonta bindiga ce, shi ya sa ba ta taɓa tambaya ba. Mun haɗa shi da wuta, ya tashi kamar jiya aka kashe shi.

Kayan gari ne, dole kwamiti ya zauna, aka zauna bayan sallar Juma'a. Cha'ibu, babban ma'aikacinmu, ya miƙe ya ce bai yarda ba. Ya ɗaga hannunsa na dama, wanda babu yatsu biyu, ya ce shekarar da Matameye ta hana falan, da igiya suka jawo tiyo, kwana goma sha ɗaya gari ba ruwa, a nan ya bar yatsunsa. Ashe Baba ya sa an ɗora shi a amalanke an biyo mu. Aka sauke shi, ya fito da hularka daga aljihu, ya jefa ta tsakiyar tabarma, ya aza kan sandarsa a kai. Liman ya ce, "An aje hula, magana ta ƙare." Cha'ibu ya zauna. Can ya ce, "To in za a kai, ni zan kai, kada su ɓata mana famfo."

Gobe da sassafe muna tafe da famfo da falan, ni da Cha'ibu da mutum biyu. Manoman rake sun ba da injin ban-ruwa huɗu a zuƙe ƙazantar kwari. Na kira kwamitin Kurni, za su riƙa turo amalanken shanu da duro-duro na ruwa mai kyau kowace safiya, da maganin jabel na wanke rijiyoyi. Shugabansu dattijo ne, da na ce masa aron ƙugiya ne bai ƙara tambaya ba.

Na samu Abdulrazak, shugaban kwamitinku, a waya, bai ma san ka rubuto ba. Ya ce, "Ashe abin da ya sa Baba ke yawo kai ba hula ke nan! Mun zaci tashin hankali ne ya taɓa shi."

Sai mun iso, in Allah ya yarda.
Najaha


Matameye, Laraba

Zuwa ga Illa. Najaha ta karanta maka, kada ta tsallake ko kalma ɗaya.

Assalamu alaikum. Ina kwana, ina jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Ruwa ya hau shato ran Lahadi da la'asar. Na kara kunnena a jikin tiyo na ji shi yana hawa, ka san ƙarar nan, kamar tsoho na gyaran murya. Mata suka yi guɗa, ni kuwa na koma bayan ɗakin famfo, wani abu ya faɗa mini a ido.

Ba a sake shi nan take ba. Ɗiyarka ta ce tiyon kwari ya fashe kusa da masai, in aka buɗe, ƙazanta za ta shiga ruwan kowa, sai an rufe wannan reshen. Abdulrazak ya baje takardarsa ta zanen tiyo, babu makullin reshen kwari a ciki. Na ce akwai, da hannuna na binne shi, taki arba'in daga gindin gawo ta wajen kudu. Na taka arba'in, aka tona, babu. Na sake takawa, aka sake tonawa, babu. Mutane sun fara kallon juna. Sai Najaha ta matso ta ce a hankali, "Baba, shekararka nawa ranar da ka binne shi?" Na ce arba'in da ƴan kai. Ta ce, "To a ara mana ƙafar mai arba'in." Abdulrazak ya taka, aka tona, ga shi nan kwance yana jirana. Na sa tsohon kilena, sifanar nan tawa, na murɗa, ya rufu. Ka haifi ɗiya, Illa. Ta gyara mini kuskure ba tare da ta kwance mini zani a kasuwa ba.

Tun shekaranjiya ba a kai kowa gidan likita ba. Habsatu ta dawo gida, ta rame kamar kara amma bakinta na nan, ta ce in gaya maka tana bin ka ziyara. Mutanen Kurni kwana huɗu suna jigila, da muka kawo musu dawo da goro sai da aka yi rantse-rantse kafin su karɓa. Manoman rake sun zuƙe kwari, an wanke rijiyoyi. Ban san da wane baki zan gode ba. Allah ya shayar da ku daga Alkausara, ku duka, ya sa kada ku ga ranar da za ku nemi ramuwa, in kuwa ta zo, ya sa muna da rai.

Yanzu yatsan da ka kaɗa. Najaha ba ta gane ba, ni na gane. Shef bai hana ba. Cewa ya yi, "Ba shi mana, me kake jira?" Ni na hana. Ka tuna sunan da aka yi gidan Isufu mai awo, mako guda kafin nan? Aka miƙo maka ruwa, ka kurɓa, ka ce a gaban jama'a, "Ruwan Ɗahiru, sai an tauna kafin a haɗiye." Aka yi ta dariya. Tsatsa ce a tiyo, ba laifina ba ne, har gobe ina kan bakana. Amma saboda wannan ƴar magana na bar gari guda da ƙishirwa kwana goma sha ɗaya. Batun yatsun Cha'ibu ban sani ba sai a takardar Najaha. Kwana biyu ina kallon hannun nan yana ja mana sarƙa.

Kafin su tafi na ja Cha'ibu gefe na faɗa masa gaskiya da bakina. Ya ce, "Baba, yatsu dai ba za su tsiro ba. Miƙo ruwan in sha." Na tara masa a moɗa, ya shanye, ya goge baki ya ce, "Har yanzu ana taunawa." Ya hau amalanke.

Shi ya yafe irin tasa yafewar. Saura kai. Ka yafe mini, Illa.

Falan ya koma tare da su. Famfo zai dawo ranar da namu ya iso, Abdulrazak ya sa an rubuta a kwamiti cewa duk garin da ya aje hula a ƙofarmu ba a tambayarsa takarda. In ka ga dama ka ba Gambo hulata, rana ta gasa mini ƙeya.

Naka,
Ɗahiru


Dungu, Juma'a 23 ga Agusta

Baba Ɗahiru,

Assalamu alaikum. Mun yi murna da sauƙin Inna Habsatu. Na karanta wa Baba duka, ban tsallake komai ba. Wurin "har yanzu ana taunawa" sai da na maimaita masa sau uku.

Innarmu ta ce Baba ya san gaskiyar tun makon da abin ya faru, shef ɗinku ya gamu da shi a tasha ya tambaye shi ko falan ya yi aiki. Ya hana ta faɗa wa kowa, don kada a daina ba Matameye aro.

Hularka tana kansa, da ita ya je masallaci yau. Gambo ya miƙa hannu zai karɓa, ya sha sanda. Baba ya nuna ƙusar da muke rataye ƙugiya, ya nuna hanyar Matameye, sannan ya nuna ƙafa. Wannan karon na gane, ƙugiyarmu na wurinka.

Ɗiyarka,
Najaha


Matameye, Asabar

Najaha, ɗiyata, na gaishe ki.

Ki ce masa ina tafe gobe da hantsi, da ƙugiya a hannuna da fura daga Habsatu. Zan kuma taho masa da gora ɗaya na ruwan shatonmu. Ya tanadi haƙora.

Ɗahiru